Jan Ƙyalle a Ƙyauren Gona — Shafi na 19

Masu tsine wa tsoho Gherasim a shafin da ya wuce, na ga saƙonninku. Ku ɗan riƙe bakinku.

*

Safa mai kauri ƙafa biyu. Rigar sanyi. Maganin zuciya. Tabarau, wanda aka ɗaure wa hannu da zare. Cuku. Sabulu. Burodin sadaka guda, a naɗe cikin farin tawul.

Kayan ke nan cikin jakar da ke kan cinyar Domnica. Duk ramin da ƙaramar bas ɗin ta faɗa sai jakar ta yi tsalle, ita kuma ta danne ta.

"Bajamushiya, riƙe da kyau," in ji Costel direba, yana leƙenta ta madubi. Haka yake kiranta tun da ta dawo daga ƙasar waje. "Titinmu ba irin na can ba ne."

"Da ka rage gudu da ban sha wahalar riƙewa ba."

"In rage, ki makara, su rufe ƙofar ziyara, gobe gari ya ɗauka Costel ne ya hana ki ganin ubanki? Ba da ni ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ambaton uban nata kawai ya sa kowa ya koma kallon taga.

Gonakin masara ne ke wucewa, kowace da shingen waya. Tun da aladun daji suka yi yawa a kwarin haka ake yi. Na'urar sa wa shinge wuta da ake saya a kanti ɗan cizon alade kawai take yi, ya yi ƙara, gobe ya dawo da iyalinsa, shi ya sa mutane suka koma jona shinge da wutar gida. Da magariba a sa filogi, a ɗaura jan ƙyalle a ƙyauren gona. Da asuba a zare filogi, sannan a kwance ƙyalle. In ka ga ja, ka kewaya. In babu, ka tsallaka abinka. Doka ta hana, kowa kuma ya sani.

Ranar da Pamfil mai zuma ya ratsa gonar Gherasim, uban Domnica, zai je wurin akwatunan zumarsa, babu ƙyalle a ƙyaure. Wuta kuwa tana nan. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa. Gherasim yana tsare a birni tun ranar da wutar ta kashe Pamfil, jibi kuma za a kai shi gaban alƙali.

Wata mata mai kwandon ƙwai ta matso ta taɓa kafaɗar Domnica.

"Ki gaishe shi. Ki ce masa duk mun cire namu, mun tuba."

"Ƙarya take yi," in ji Costel. "Jiya da magariba na ga ɗankwalinta yana filfilawa a ƙyaure."

"Kai za ka ciyar da ni in suka cinye masarar? Duba titinka, uban 'yan gulma!"

Domnica ta gyara riƙon jakar. Ta duba agogo, ta sake dubawa.

*

Gandiroba ya caka wa cukun wuƙa, ya caka wa burodin, sannan ya turo mata jakar. Aka shigo da Gherasim. Rigar ta yi masa yawa. Ya zauna ya ɗora hannuwansa a kan tebur kamar ba nasa ba.

"Kin rame, auta."

"Kai ne ka rame."

"Ni abincin gwamnati nake ci, ina da uzuri. Ke fa? Uwarki ta daina girki ne?"

Ta miƙa masa tabaran. Ya sa, ya dube ta sosai, ya cire.

"Baba, na yi magana da lauya. Mai gabatar da ƙara ya janye maganar kisan ganganci. In ka amsa laifi jibi, kisan kuskure ne na mummunan sakaci, kuma za a sassauta. Lauya zai roƙi a bar ka ka yi zamanka a gida saboda zuciyarka."

"Kada ya roƙa."

"Me?"

"Na ce kada ya roƙa. Nan ya fi."

"Nan ya fi gidanka?"

"Mutumin da ya manta wuta a jikin waya, gobe me zai manta? Gas? Gatari a bakin ƙofa? 'Yan matan nan biyu a tsakar gidan suke wasa." Jikokinsa yake nufi, 'ya'yan Toader, yayan Domnica. "A nan ko na manta, cokali zan manta."

"Ba ka taɓa manta komai ba a rayuwarka. Har yau kana tuna wanda ya ari lauje bai dawo da shi ba kafin a haife ni."

"Shi ne abin tsoron." Ya matso da kansa. "Kullum sai na gwada kaina. In jera sunayen dawakan da na taɓa riƙewa, tun daga na ubana har Roibu. In jera gonakin kwari da masu su. Duk suna zuwa, ba wanda ya ɓace. Kan ya ruɓe, auta, amma ya ƙi nuna mini inda ya ruɓe."

Domnica ta jawo kujerarta kusa da tebur.

"Faɗa mini safiyar kuma."

"Na faɗa wa 'yan sanda, na faɗa wa lauya..."

"Ni ba ka faɗa mini ba. Ina can lokacin."

Ya murza hannun tabaran.

"Ina ganin hannuna yana zare filogin. Na rataye shi a ƙusa. Na fita na kwance ƙyalle, na cusa a aljihu. Na kora saniya zuwa garke, can ƙarshen gari. Kafin in dawo an cika gona, an riga an lulluɓe shi. Da 'yan sanda suka zo muka shiga sito tare. Ga filogi a soket. Da idona na gani." Ya buɗe tafin hannunsa. "Ke nan abin da nake tunawa mafarki ne."

"Ko wata safiyar ce."

"A'a, mafarki ne. Bai yi tartsatsi ba."

"Ban gane ba."

"Soket ɗin nan ya girme ki. Duk ranar da na zare sai ya ce tas, shuɗiyar wuta ta fito, har uwarki tana cewa wata rana zai gasa mini yatsa. Ranar shiru. Kamar ka zare cokali daga miya. A mafarki ne kawai zai yi shiru haka."

Domnica ta tsaya tana kallonsa. Can inda ta yi karatu an koya mata abubuwa da yawa, amma wannan a siton gidansu ta sani: filogin da wuta ke bi ta cikinsa shi ke tartsatsi. Ta warware tawul ɗin.

Burodin zagayayye ne, an yi masa kitso, da gicciye a tsakiya.

"Inna Safta ce ta ba ni da hannunta. Ta ce a kawo maka, ka ci don ran mijinta. Ta ce Baffa Pamfil ba zai so a raba sadakarsa babu kai ba."

Tsohon ya janye hannuwansa daga kan tebur.

"Rufe."

"Baba..."

"Ni na kashe shi, sannan in ci sadakarsa? Rufe, na ce." Ya juya fuska wajen bango. "Ki kai wa yayanki, wancan na gidan ƙasa. Ranar ya yi abin kirki, shi ya ruga ya kashe fis, ya yanke wutar, kafin wani ya taɓa gawar. Ki ce wa uwarki ta ce masa..." Ya tsaya. "A'a. Ke ki ba shi. Ki ce ni na aiko."

Tun shekarar da Toader ya sayar da Roibu, uban yana kwance a asibiti, kalma ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Gida biyu a fili ɗaya, rijiya ɗaya, amma ko sannu babu. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya ta bakin uwar yake bi. Yau ne karo na farko da Domnica ta ji ya aika masa da wani abu.

Gandiroba ya ƙwanƙwasa tebur. Lokaci ya cika.

*

Da la'asar ta sauka. Ba ta shiga gida ba, sito ta nufa da jakar a kafaɗa.

Soket yana nan, baƙi ƙirin a gefe saboda ƙuna. 'Yan sanda sun tafi da filogin. Ta duba ƙusar, ta duba akwatin fis. Ba ta san abin da take nema ba. Ta fito ta zagaya baya, inda ƙaiƙayin daji ya kai gwiwa, ta ɗaga kai.

A jikin tsohon katakon akwai ƙananan ramuka a jere, sababbi, farare, irin waɗanda maƙalin waya ke bari in an ɓamɓare shi. Sun taso daga ɓangaren falwaya, sun tsallake akwatin fis, sun gangara wajen garejin Toader. A ƙarƙashin rufi maƙali ɗaya ya rage, da guntun waya a bakinsa, bai kai tsawon yatsa ba. Toka-toka, da jan layi. An datse shi da filaya.

Ta san wayar nan. Ta tsaya tana neman inda ta san ta.

"Domnica! Kin dawo ba ki shigo ba? Zo kama mini zanen gadon nan."

Ta juyo. Uwarta Veta tana tsakar gida tana kwashe shanya. Igiyar ta miƙe daga bishiyar tuffa zuwa ginshiƙin baranda, toka-toka, da jan layi. A kanta aka shanya safar da ta kai wa ubanta yau. A kanta ita ma take shanya kayanta tun da ta dawo.

Ta taka a hankali har gaban uwar.

"Mama, ina tsohuwar igiyar?"

"Ta tsinke. Kama can."

"Wannan daga ina?"

"Yo waya ce. Kama mana, zai taɓa ƙasa."

"Daga ina?"

Veta ta ninke zanen ita kaɗai, ta ninke, ta sake ninkewa har ya ƙi ninkuwa.

"Yaya jikinsa? Ya ci cukun?"

"Guntunta yana bayan sito. Ki zo ki gani."

"Ba a tsakar gida ba," in ji uwar, ƙasa-ƙasa. "Maƙwabta."

Suka shiga kicin. Tuwon masara yana kan wuta yana huci. Veta ta ɗauki muciya ta hau tuƙi, ta ba ta baya.

"Ya ce in jefa ta a rafi."

"Wa?"

"Waya sabuwa fil, ko tsaga babu. In jefa a rafi? Allah ya hana ɓarna."

"Mama. Wa ya ce?"

Muciyar ta tsaya.

"Ni na sa shi. Kada ki ɗora masa duka, ni na je na same shi. Kullum fis sai ya faɗi kafin gari ya waye, aladu sun cinye gefen rafi kaf. Ubanki ba zai kira kowa ba, ai shi ya san komai. Ga ɗansa ma'aikacin wuta a gida, ana zuwa nemansa daga wasu garuruwa, shi kuwa gara masarar ta ƙare. Na ce Toader, taimaka. Ranar Lahadi muna coci ya ja waya daga falwaya, ba ta bi ta fis ba, ya sa makunni a garejinsa. Ya raba tsohon filogin da shinge."

"Baba bai sani ba."

"Ya ce in gaya masa."

"Me ya ce? Yadda ya faɗa."

Veta ta juyo, fuskarta ja saboda wuta.

"Ya ce, ki gaya wa tsohon nan filoginsa ya mutu, kada ya taɓa ƙyalle sai ya ga na fita aiki. To haka zan je in faɗa? Tsohon nan? Filoginka ya mutu? Kin san ubanki. Gatari zai ɗauka ya sare wayar, in bai haɗa da mai wayar ba."

"Sai kika yi yaya?"

"Na ajiye tukuna. Na ce sai ya ci abinci. Da yamma ya shigo yana faɗa, saniya ta ɓalle ta shiga lambun wani. Na ce wannan ba lokacinsa ba ne. Na ce da safe, in ya sha kofi. Ubanki ba a gaya masa magana da yunwa."

"Sai ya dawo daga gona yake shan kofi."

"Na sani."

Tuwon ya fara ƙauri. Ba wadda ta kula.

"Na sani," Veta ta sake cewa. "Ina ɗora ruwan kofin na ji ihun Safta."

Domnica ta jawo kujera amma ba ta zauna ba. Ta zagaya tebur, ta koma inda take.

"Shekara da shekaru duk saƙon da ya shiga tsakaninsu sai na wanke shi tas kafin in kai," in ji uwar. "In wannan ya ce ka gaya wa ɓarawon doki, ni in je in ce babanka na cigiyarka. Da ba don ni ba da tuni ɗaya ya binne ɗaya. Ke ba ki nan, ba ki gani ba. Wannan ɗaya ne kawai ban kai da wuri ba. Ɗaya!"

"Wa ya mayar da filogi cikin soket?"

Veta ta juya ga tukunya.

"Wa ya mayar, Mama?"

"Ni."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Toader ne tsaye da kayan aiki, bai ko cire takalmi ba. Dogo kamar uban, har yadda yake karkata kai.

"Ki bar ta, ni za ki tambaya. Na kashe makunni, na ɓamɓare wayar, na mayar da tsohon haɗin, na sa filogi, na kashe fis. Kowa yana gona, 'yan sanda kuma sai sun taso daga birni. Kin ji. Sai me?"

"Me ya sa da wuta a lokacin?"

"Na makara. Ƙaramar ta kwana da zazzaɓi. Na farka na ga gari ya waye, na ce ai ƙyalle yana nan, bari in sa takalmi." Ya dubi uwar. "Na ɗauka an gaya masa."

"Ka ɗauka."

"Eh, na ɗauka! Kullum ana gaya masa!"

"Taku kaɗan ne daga ƙofarka zuwa tasa, Yaya. Wutar da za ta kashe bijimi ka jona, ka kasa buɗe baki da kanka?"

"Ke kika taɓa zama da shi? Kin kwashi littattafai kin tafi, kina aiko da hoto da cakulan. Mu muka zauna. Yanzu kin dawo da takalmi mai tsini za ki koya mana yadda ake magana."

"Ni ban kashe kowa ba."

"Domnica!" in ji uwar.

Toader ya shigo ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Tsaya ki ji, tunda ke ce mai ilimi. Shi tsoho ne, ga ciwon zuciya, ga shi ya amsa. Sakaci za su rubuta, su ba shi kaɗan, wataƙila ma a gida. Ni fa? Da takardar shaidar aikin wuta. Na san abin da fis yake yi, na tsallake shi da hannuna. Na gyara wurin kafin 'yan sanda. Kina ganin ni kuskure za su kira shi? Kafin in fito 'yan matan nan sun yi aure. Ita ma Mama ba za su ƙyale ta ba. Mutum ɗaya ya ɗan zauna, ko gida gaba ɗaya ya rushe. Wanne kika zaɓa?"

"Shi ka tambaye shi wanne ya zaɓa?"

"Da an tambaye shi ma haka zai ce," in ji Veta da sauri. "Na san mijina. Zai zagi Toader har kakanninsa, amma ba zai bari a kai shi kurkuku ba."

"To me ya hana ku tambaye shi?"

Toader ya sunkuyar da kai.

"Ya ce kada lauya ya roƙi a sake shi," in ji Domnica.

Toader ya ɗago.

"Ya ce kansa ya ruɓe. Yana zaune yana jera sunayen dawakai don ya gano inda ya ruɓe. Ya ce gara a bar shi a can, don kada ya dawo ya manta wani abu ya kashe maka 'ya'ya."

"Ƙarya kike."

"Ka je ka tambaye shi. Au, na manta. Sai dai Mama ta tambayo maka."

Ta zuge jakar, ta fito da tawul ɗin, ta warware a kan tebur. Burodin ya ɗan dagule inda wuƙar gandiroba ta shiga.

"Na sadakar Baffa Pamfil ne. Inna Safta ta aika wa Baba, ya ƙi taɓawa. Ya ce shi ya kashe, ba zai ci ba. Ya ce in kawo maka." Ta tura masa. "Ya ce ranar ka yi abin kirki. Ya ce in ce shi ya aiko. Da bakinsa, ba wanda ya wanke masa."

Toader yana kallon burodin.

"Bismillah, Yaya. Ci. Ka ce Allah ya ji ƙansa, yadda ake cewa."

Ya miƙa hannu. Yatsunsa suka kai kan gicciyen suka tsaya. Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

"Ɗauke mini shi."

"Naka ne."

"Na ce ki ɗauke!"

Veta ta zube a kan benci ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Tuwon ya ƙone sosai yanzu, hayaƙi ya fara cika kicin.

Domnica ta ɗauki jakar, ta raɓa ta gefensa ta fita.

Ta kwashe sauran shanyar ta watsa a baho. Ta hau kan bokiti ta kwance wayar daga bishiyar tuffa, ta je ta kwance ta baranda. Ƙullin uwarta ne, sai da ta sa haƙori. Ta naɗe wayar a gwiwar hannu, zagaye bayan zagaye, ta cusa a inda safa da magani suka zauna da safe.

Suna tsaye a baranda su biyu.

"Ajiye wannan," in ji Toader.

"Zo ka ƙwata. Ga matar Costel can tana leƙe ta shinge, sai ta samu na ba da labari."

Ya sauko taki ɗaya, ya tsaya.

"Auta," in ji Veta. "'Yata. Ni na haife ki. In ya ji wannan zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ɗansa, da matarsa. Kashe shi za ki yi."

"Na gan shi yau, Mama. An riga an fara."

"Ni ma kama ni za su yi."

"Wataƙila."

"Haka za ki ce? Wataƙila?"

"Ban iya wanke magana ba. Ba ki koya mini ba."

Ta nufi ƙofar gida. Uwar ta biyo ta da gudu-gudu, takalmi ɗaya ya zame mata.

"Ina za ki? Rana ta kusa faɗuwa. Ga abinci..."

"In na kwana a nan, kafin safe wayar nan tana cikin rafi."

"To gidan wa?"

"Inna Safta ta ce gidan ya yi mata girma."

Veta ta dafe ƙirji.

"Ba za ki gaya mata ba. Domnica, ki rantse ba za ki gaya mata ba!"

"Ba ita ce farkon ji ba. Akwai wanda ya kamata ya riga ta."

Ta fita ta juyo. Ta saman ƙyauren tana hango Toader a tsakar gida, hannuwa a aljihu, kai a karkace, kusa da bahon shanya.

"Yaya. Gobe Costel yana tashi da motar farko, zan ce ya ajiye kujera biyu. Lauya zai shigar da mu wurin Baba. In ka zo, kai za ka tsaya gabansa ka faɗa masa da bakinka, daga nan mu wuce wurin mai gabatar da ƙara, ka shiga da ƙafarka. In ba ka zo ba, ni da wayar nan mun isa."

"Za ki ɗaure ɗan'uwanki?"

Ta ja ƙyauren har sakatar ta faɗa.

"Jibi Baba ba zai tsaya gaban alƙali ya ce na manta ba. Da kai ko ba kai."